Mece ce IP65 da ake rubutawa a kwalin kayan keke mai caji?

Duk wanda ya fara neman kayan keke mai caji, musamman irin mai manyan tayoyi da aka ƙera don tudu da kwazazzabo, zai yi ta cin karo da haruffa biyu da lambobi biyu: IP54, IP65, IP67, wani lokaci kuma IPX4. Ana buga su a kwalin fitila, a jikin batir, a bayan ɗan allon da ake ɗaurawa a ƙahon keke, har a jakar da ake saka waya. In ka tambayi mai shago, yawanci amsar ɗaya ce: "Malam, ai wannan ruwa ba ya shigarta." Bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar mu a Katsina da Daura daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane suka ƙara karkata ga abin hawa mai caji. Kayan nan kuwa daga waje ake shigo da su, kuma bayanan da ake karantawa a intanet kan sayayyar lokacin sanyi an rubuta su ne don mutanen Jamus ko Ingila, inda sanyi ke zuwa da ruwan sama da taɓo da ƙanƙara. Namu hunturun busasshe ne, ƙura yake kawowa. Wanda bai san yadda ake karanta lambobin nan ba zai biya kuɗin kariyar da ba ya bukata, ya bar wadda yake bukata.

IP ɗin nan ba shi da alaƙa da adireshin kwamfuta a intanet. Taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci biyu, Ingress Protection, wato kariya daga abin da zai kutsa cikin na'ura. Ma'auni ne na hukumar tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, IEC, wadda aka kafa a 1906, mai mazauni a Jeniba ta ƙasar Suwizalan. Lambar ƙa'idar ita ce IEC 60529. Lamba ta farko bayan haruffan tana magana a kan abu busasshe, ta biyu kuma a kan ruwa. Kowace zaman kanta take yi, girman ɗaya ba ya cike gurbin ɗaya.

Lambar farko daga 0 zuwa 6 take. Daga 1 zuwa 4 maganar girman rami ce kawai: 1 na hana abin da ya kai milimita 50, 2 na hana yatsa, 3 na hana abin da ya kai milimita 2.5 kamar bakin sukundireba, 4 kuma na hana siririyar waya mai kaurin milimita 1. Duk waɗannan ba su san da ƙura ba. Sai a 5 ake fara maganarta, inda ake nufin ƙura na iya shiga kaɗan amma ba ta kai ta hana na'urar aiki ba. A 6 ne ake cewa ba ta shiga ko kaɗan. Yadda ake gwajin shi ne a rufe na'urar a cikin wani akwati da farar hoda mai laushi ke ta yawo, har tsawon awa 8, kuma a gwajin 6 ana zuƙe iskar cikin na'urar don a jawo hodar ta kowace kafa, in akwai.

Lambar ruwa ta fi yawan matakai, amma waɗanda mai keke zai riƙa gani kaɗan ne. 4 na nufin fantsamar ruwa ta kowane ɓangare. 5 na nufin feshi daga tiyo, lita 12.5 a minti. 6 feshi ne mai ƙarfi, lita 100 a minti. 7 kuwa nutsarwa ce a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Abin lura a nan: na'urar da ta ci gwajin nutsarwa ba lallai ta ci na feshi ba, don gwaje-gwajen daban suke, shi ya sa wasu kamfanoni ke rubuta lambobi biyu a jere.

To, sai harafin X, kuma a kansa nake so mai karatu ya tsaya. In aka ga IPX4 ko IPX6, X ɗin ya zauna ne a gurbin lambar ƙura, ma'anarsa ba a bayar da wata shaida a kan ƙura ba. Ba a ce tana shiga ba, ba a kuma ce ba ta shiga. Fitilun keke da yawa da wannan alamar suke zuwa, domin abokin cinikin da aka yi su dominsa ruwan sama ne damuwarsa. Mutum zai ga 6 a ƙarshe ya ɗauka ya sami babbar kariya, alhali a kan abin da zai fuskanta wata uku zuwa huɗu a jere kamfanin bai yi masa alkawarin komai ba.

Ƙurar hunturu ba irin wadda mota ke tayarwa a hanyar burji ba ce. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko ta, kuma babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani ƙaton tafki na zamanin da. Laushinta ya sa take rataye a sama kwana da kwanaki, har jirage su kasa sauka. Ita ce mai shiga ɗaki ko an rufe taga. A kan keken da ya bi hanyoyin yashi na ƙauyukan Mashi ko Mani, abu biyu ne ke haɗuwa, ga ta sama ga ta ƙasa. Ka cire batir bayan irin wannan tafiya ka leƙa inda haƙoran ƙarfensa ke haɗuwa da na keken, za ka ga wani farin gari ya kwanta a gindin kowane haƙori. Ka ɗaga ɗan murfin roba da ke rufe ramin cajin fitila, in bai zauna daidai ba, za ka tarar da garin ya yi layi a bakin ramin. Ita kaɗai a bushe ba ta cika ɓarna nan take ba. Tana tara kanta ne, ta sa maɓalli ya fara ƙin dannuwa, ta hana haɗin wuta kamawa sosai, sannan in damina ta zo da laima garin ya jiƙe, tsatsa ta samu wurin zama. Lalacewar da ake gani a watan Yuli sau da yawa a Janairu aka shuka ta.

Don haka a ganina, ga mai saye a nan, lambar farko ce abin fara dubawa. Fitila da allon ƙaho da duk wani abu mai maɓalli, a nemi mai 6 a gaba, in ba a samu ba mai 5. IP65 ta wadatar da rani da damina baki ɗaya. IP54 ma ba abin rainawa ba ce, akwai injinan keke mai caji na kamfanin Bosch da littafinsu ke ɗauke da wannan lambar, sai dai tana bukatar mai kekenta ya riƙa shara da goge-goge. Tsakanin fitila mai IPX7 da mai IP65 a farashi ɗaya, ni ta biyun zan ɗauka, don ba na tsammanin keken mutumin Daura zai kwana a cikin kogi.

Akwai iyakar abin da lambar ke iya faɗa. Sabuwar na'ura ake gwadawa, da murafenta duka a rufe. Abin da ke riƙe kariyar siraran robobi ne, kuma roba na bushewa ta tsage, balle a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Keken Beljiyam da ya yi shekaru a hannun wani yana nan da lambarsa a jiki, amma robobin ba su ne na ranar gwaji ba. Haka in an taɓa kwance batir ko inji a wajen mai gyara ba a mayar da robar yadda take ba. Sannan IEC ƙa'ida take rubutawa, ba ita ke bin kowane kaya tana gwadawa ba, kamfani na iya buga lambar da kansa. Shi ya sa sunan kamfanin da littafin da ke cikin kwalin suke da nauyi. Kwalin da aka rubuta masa "ruwa ba ya shiga" da manyan haruffan Turanci babu wata lamba, bai faɗi abin da za a riƙe shi da shi ba.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne ganin an kai keke mai caji wurin wankin mota ana sa masa injin feshi don a kore ƙura. Ƙarfin wannan ruwan ya wuce abin da 4 ko 5 suka yi alkawari, yana tura ruwa da ƙurar tare zuwa cikin boris da inji. Busasshen burushi mai laushi da ɗanyen tsumma sun isa, a cire batir tukuna.

Sanyin kansa ba shi ne matsalarmu ba. Batirin litiyam na rage ƙarfi a tsananin sanyi, kuma ba a so a yi masa caji a ƙasa da digiri 0, dalilin da ya sa Turawa ke sayen rigar batir ke nan. Asubahin Janairu a Katsina na sa haƙora kaɗawa, amma ba ya kai wa ruwa daskarewa. Kuɗin rigar batir gara a sa su a tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi, da safar hannu, da hular kwano mai kyau. Batirin dai a shigar da shi ɗaki da dare, a kuma nisanta shi da rana in zafi ya dawo.

Sarƙar keke da giya da birki ba su da lambar IP, a fili suke, kuma su ne ƙurar ke fara ci. Man sarƙa mai danƙo da ake tallatawa don sanyin Turai an yi shi ne don kada ruwa ya wanke shi, a nan kuwa yashi yake kamawa ya riƙa goge ƙarfen, ga shi injin keke mai caji na jan sarƙa da ƙarfin da ya fi na ƙafa. A tambayi mai shago irin man da ke bushewa bayan an shafa, a goge sarƙar da tsumma kafin a ƙara sabo, a ajiye mai danƙon sai ruwa ya sauka.