Rikodin jita a ɗaki: da mayik ko da fikof?

Wai meye ma bambancinsu?

Mayik yana jin sauti ne a iska kamar kunnenka, wato tsirkiya da katakon jitar da ɗakin duka. Shi kuma fikof, galibi irin wanda ake ce wa fiyezo, wata 'yar siririyar aba ce ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi suke hawa, girgizar wajen kawai yake ɗauka ya tura ta waya, shi ya sa sautinsa yake fita a bushe kamar ana kaɗa roba.

To wanne ya fi?

In ɗakinka shiru ne mayik, ba ma a haɗa su. Matsalar ita ce shirun. Mayik kondensa irin su AT2020 ba ya barin komai, ni na taɓa yin ɗauka mai kyau wallahi har ina jin daɗi, da na sa abin kunne sai ga janareton maƙwabci yana gurnani daga farko har ƙarshe, ga fankar sama, ga ƙarar kujerar da nake zaune a kai. Tun daga nan sai dare ya raba nake ɗauka, in kashe fanka in sha zufa. In ba za ka iya wannan wahalar ba jona fikof abinka, shi bai san ana janareto ba.

A ina zan kafa mayik ɗin?

Don Allah kar ka saita shi a bakin ramin jitar, nan kowa yake fara kaiwa kuma sautin sai ya cika da gum-gum. Saita shi wajen gaɓa ta 12 a wuyan jitar, kusa da inda wuya ya haɗu da jiki, nisan kamar santimita 20 zuwa 30, ka riƙa matsar da shi kaɗan kaɗan kana saurare. Kuma ka danna madannin 48V mai ba mayik wuta a saunkad, wato akwatin da ke haɗa mayik da kwamfuta, kondensa ba ya tashi sai da shi.

Zan iya haɗa biyun?

Sosai ma, saunkad irin Scarlett 2i2 ƙofa biyu gare shi, ɗaya mayik ɗaya wayar fikof, ka danna madannin INST, wato na kayan kiɗa, a ta fikof ɗin. Sai dai sautin mayik yana ɗan makara saboda sai ya ratso iska, to in ka haɗa ka ji abin ya sirance, buɗo layukan sautin biyu da girma a kwamfuta ka ja layin fikof zuwa dama kaɗan, shi ma ya ɗan makara, har zanen igiyoyin sautin su hau kan juna.