Shari'ar Claremont

Shari'ar Claremont suna ne da ake kiran jerin ƙararrakin da wasu gundumomin makarantu suka shigar da gwamnatin jihar New Hampshire, a arewa maso gabashin Amurka, a kan yadda ake biyan kuɗin makarantun gwamnati. Hukunci biyu na Kotun Ƙolin jihar, na 1993 da na 1997, su ne ginshiƙinta, kuma har yau ana ta ja-in-ja a kan aiwatar da su.

Asali

New Hampshire ba ta karɓar haraji daga albashin ma'aikata, ba ta kuma ɗora harajin bai-ɗaya a kan kayan saye da sayarwa, kuma tun shekarun 1970 ya zama al'ada 'yan takarar gwamna su ɗauki alkawarin cewa ba za su amince da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Saboda haka nauyin makarantu ya faɗo kan harajin gidaje da filaye da kowane gari ke tarawa, wanda a farkon shekarun 1990 yake biyan kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin ilimi. Garin da ke da manyan gidajen hutu a bakin tafki ko bakin teku yana tara abin da yake bukata da ƙaramin haraji, shi kuwa garin da masaƙunsa suka rufe sai ya matse mazaunansa, duk da haka kuɗin ba ya isa.

Claremont irin gari na biyun ne. Wajen 1989 babbar makarantar sakandarensa ta Stevens ta rasa takardar amincewar hukumar tantance makarantu, musamman saboda lalacewar gininta. A 1991 Claremont da Allenstown da Franklin da Lisbon da Pittsfield suka haɗu suka kai jihar ƙara. Kotunan jiha suka nufa, domin tun 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Rodriguez ta jihar Texas, ta ce kundin tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin muhimman haƙƙoƙin da yake karewa ba.

Hukunce-hukuncen farko

Ƙaramar kotu ta yi watsi da ƙarar, amma a Disamban 1993 Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan matakin. Ta dogara da sashe na 83 a kashi na biyu na kundin tsarin mulkin jihar na 1784, wanda ya ɗora wa 'yan majalisa da mahukunta alhakin riritawa da raya ilimi da makarantun jama'a. Kotun ta ce wannan wajibi ne a wuyan jiha: ta samar wa kowane yaro isasshen ilimi, ta kuma tabbatar da kuɗinsa.

Hukuncin 17 ga Disamba 1997, wanda Babban Alƙali David Brock ya rubuta, ya fi girgiza jihar. Kotun ta ce tunda ilimi aikin jiha ne, harajin da ake biyansa da shi harajin jiha ne ko da gari ne yake karɓa, don haka dole ya zama daidai a ko'ina. Ta kawo alƙaluman shekarar karatu ta 1994 zuwa 1995: a Pittsfield ana biyan dala 25.26 a kan kowace dala dubu ta darajar kadara, a Moultonborough da ke bakin tafkin Winnipesaukee kuwa dala 5.56. Ke nan mai gidan dala 100,000 a Pittsfield yana biyan dala 2,526 a shekara, takwaransa na bakin tafki yana biyan dala 556, alhali aikin da suke biya wa ɗaya ne. A shekarar, ana biyan dala 26.47 a Allenstown, a Rye da ke bakin teku kuwa dala 6.86. Da wuya a kalli waɗannan lambobi a ce an yi wa talakan Pittsfield adalci. Alƙali Sherman Horton ne ya saɓa wa sauran alƙalan kotun a wannan hukunci.

Martanin majalisa

A 1999, zamanin Gwamna Jeanne Shaheen, majalisar dokoki ta kafa harajin kadara na jiha baki ɗaya a kan dala 6.60 cikin dubu. Garuruwan da suka tara fiye da bukatar ɗalibansu sai su miƙa rarar ga jiha a raba wa marasa ƙarfi. Garuruwan masu rarar, da birnin Portsmouth a kan gaba, sun yi ta yaƙar tsarin a kotu da majalisa, har a 2011 aka ba su damar riƙe rararsu. Da wannan sauyi harajin ya rasa yawancin ƙarfinsa na daidaita tsakanin mai shi da maras shi.

A 2006, a ƙarar da gundumar Londonderry ta jagoranta, kotun ta tilasta wa majalisa fayyace abin da ake nufi da isasshen ilimi, kuma a 2008 aka yanke masa tushen kuɗi na dala 3,450 ga kowane ɗalibi a shekara, adadin da bai kai ko rabin abin da makarantu ke kashewa ba. An sha yunƙurin gyara tsarin mulki don rage ikon kotu a wannan fage, ba a yi nasara ba.

Halin da ake ciki

Gundumar makarantu ta Contoocook Valley ta shigar da sabuwar ƙara a 2019. A Nuwamban 2023 Alƙali David Ruoff na ƙaramar kotu ya ce dala 4,100 da jihar ke bayarwa a lokacin ga kowane ɗalibi ta yi kaɗan, kuma bai kamata ta gaza dala 7,356.01 ba. A tsakiyar 2025 Kotun Ƙolin jihar ta amince cewa kuɗin bai isa ba, amma ta bar wa majalisa aikin gyarawa. Masu adawa da shari'ar na ganin alƙalai sun shiga hurumin majalisa, masu goyon bayanta kuwa na nuni da cewa har yanzu harajin gari ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin makarantu.