Faɗuwar gaba lokacin jarabawa, ɗalibai da iyaye ku ji wannan

Duk shekara da zarar JAMB ta matso, WAEC da NECO na biye da ita, sai mu fara ganin yaran nan a asibiti. Kwanaki aka kawo min wata yarinya 'yar aji shida, zuciya na ta bugawa, tafin hannu duk gumi, mamanta har ta fara cewa ko iska ce. Na gwada ta babu zazzaɓi, jini lafiya lau, da muka zauna hira ashe kwana biyu kenan ba ta yi barcin kirki ba, Nescafe take sha da daddare ta duƙufa kan littafi har kiran assalatu.

Idan tsoro ya kama mutum jiki yana sakin wani sinadari mai suna adirenalin, shi ke kawo bugun zuciya da gumi da murɗawar ciki, wani har gudawa yake yi. Rashin barci da kofi da lemukan ƙara kuzari kuma ƙara masa wuta suke. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, wanda ya kwana a zaune shi ne zai shiga ɗakin jarabawa kai ya ɗauke cak. Masu ba ku tramadol wai don karatu ya zauna, wallahi cutarku suke yi, yana iya jawo farfaɗiya.

In ka zauna ka ji gabanka na faɗuwa, ajiye biro, ja numfashi ta hanci a hankali ka ƙirga huɗu, ka sake shi ta baki ka ƙirga shida, yi haka sau biyar, ka yi addu'arka sannan ka fara da tambayar da ka sani. JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2 a kwamfuta, yara da yawa ba karatun ke ba su tsoro ba, na'urar ce ba su taɓa taɓawa ba, to a je cibiyar CBT, wato inda ake jarabawa a kwamfuta, a gwada tun kafin ranar, a riƙa amsa tsofaffin tambayoyi ana duba agogo.

Iyaye dan Allah a daina "ɗan gidan wane ya ci kaza kai fa?" Ku tabbata sun karya kumallo kafin su fita. In kuma yaro ya yi makonni ba ya ci, ba ya barci, kullum kuka, ko kun ji yana cewa gara ya mutu, kar ku jira a gama jarabawa, ku kawo mana shi asibiti nan take.