Ɗaurin talala: wai sassauci ne?

Tun da sojoji suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, "ɗaurin talala" ya zama ruwan dare a rediyo. Wanda aka ƙwace wa fasfo, ɗaurin talala. Wanda aka kai gidan yari ma, ɗaurin talala. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake faɗinsa kamar alfarma aka yi wa mutum: ai yana gida, ai a kan gadonsa yake kwana.

Makiyayi ya san talala. Doguwar igiya ce, akuya ta yi kiwo iya tsawonta, turken kuwa na mai akuya ne.

Dubi Andrei Sakharov, masanin nukiliyar da ya yi fice wajen ƙera wa Tarayyar Sobiyet bam ɗin haidurojin da ta gwada a 1953. Daga baya ya juya yana sukar gwajin makaman da tauye haƙƙin jama'a, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975. Matarsa Yelena Bonner ce ta karɓo a Oslo, don shi an hana shi fita. Da ya yi tir da mamaye Afganistan da Sobiyet ta yi, a watan Janairun 1980 aka tare shi a titin Mosko, aka tura shi Gorki, birnin da baƙi 'yan ƙasar waje ba sa shiga. Wasu kan ce "gudun hijira" ya yi. Wane gudu? Kai shi aka yi.

Ba kotu, ba alƙali, ba wa'adi. Fursuna ko ba komai yana ƙirga kwanakinsa. Sakharov ba shi da ranar da zai ƙirga zuwa gare ta. Ɗan sanda a bakin ƙofa, gida ba tarho, 'yan leƙen asiri na KGB suna sace masa rubuce-rubuce. Da ya shiga yajin cin abinci don a bar matarsa ta je neman magani waje, asibiti aka kai shi aka yi masa ɗura da ƙarfi. Wannan ne sassaucin?

Kusan shekara bakwai ana haka. A Disambar 1986 ma'aikata suka zo da dare suka haɗa masa tarho, kashegari shugaban Sobiyet Gorbachev da kansa ya kira ya ce ya koma Mosko. Ko sakin ma, ba alƙali ne ya yi shi ba.