Burumeshan: kwanciyar sanyin macijin masara

Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, wani ƙanena ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, mene ne kuma burumeshan?" Bidiyon wani Ba'amurke ne yana jera macizai cikin robobi a ɗaki mai sanyi, wai so yake su hayayyafa. Baba da ke gefe ya girgiza kai ya ce, "Mu muna neman sanda, wasu na neman iri."

Macijin da ake magana a kai shi ne macijin masara, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, wajajen Fulorida da Jojiya. Ba shi da dafi, nannaɗe ɓera yake yi ya shaƙe shi, shi ya sa yake yawan raɓar rumbunan hatsi. A can ana kiwonsa a gida kamar yadda muke ajiye tattabaru.

Kalmar burumeshan kuwa daga Latin aka ciro ta, inda "bruma" ke nufin tsakiyar sanyi, kuma wani masanin dabbobi, Wilbur Mayhew, ya ƙirƙiro ta a 1965. Maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, sai ya aro daga rana ko ƙasa. Idan sanyi ya sauka sai ya lafe, ya daina ci, komai na jikinsa ya yi sanyi-sanyi, wannan shi ne burumeshan. Ba barci ba ne sosai, don yakan motsa ya sha ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin an tono gaiwa daga busasshen taɓo a fadamar Haɗejiya ya san kwatankwacin abin, sai dai ita rani take gudu, shi kuma sanyi.

Masu kiwo kan kwaikwayi wannan ne. Sukan yanke abinci mako 2 zuwa 3 tukuna, saboda abin da ya rage a ciki ruɓewa zai yi cikin sanyi, ya iya kashe macijin. Sannan su sauko da zafi a hankali zuwa digiri 10 ko 15 a ma'aunin Selshiyos, su bar shi haka wata 2 zuwa 3. Da an maido ɗumi an ciyar, sai a haɗa mace da namiji. Bayan kamar wata guda ta saka ƙwai, a ƙyanƙyashe cikin wata 2.

To dole ne? A'a. Da yawa sun samu ƙwai ba tare da sanyaya komai ba. Amfaninsa dai shi ne jinsin biyu su shirya a lokaci ɗaya, a kuma rage baragurbi. Maciji ƙarami, ko ramamme, ko mara lafiya, ba a saka shi ciki.

Ƙanen nawa ya ce ai hunturunmu ya wadatar. Na ce da asuba a Janairu kam haƙora na kaɗawa, amma kafin azahar rana ta ƙwalle an cire rigar sanyi, alhali abin da ake so sanyi ne mai tsayawa dare da rana.