Jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a a ƙasar Sin

Jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, wadda aka fi sani da CET, jarrabawa ce ta ƙasa baki ɗaya da ake yi a Sin domin auna Turancin ɗaliban da ba Turanci ne fannin karatunsu ba. Mataki biyu gare ta, na huɗu da na shida, shi ya sa ɗalibai ke haɗa su a baki su ce "siliuji", wato huɗu da shida. Ana zaman ta sau biyu a shekara, a watan Yuni da Disamba, ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Saurare da karatu su ne ƙashin bayanta, domin su biyun ne ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na maki.

Tarihi

Bayan da aka dawo da jarrabawar shiga jami'a a 1977, ƙasar ta buɗe ƙofa ga duniya, sai ƙishirwar Turanci ta taso. A lokacin littafi kaɗan ne, malami kuma ya fi littafi wuya. Da yawa sun koyi saurare ne daga rediyo, musamman shirin Muryar Amurka na Turanci mai sauƙi da ake karantawa a hankali, da kuma darussan BBC da gidan talabijin na ƙasa ya fara nunawa a farkon shekarun 1980. A cikin wannan yanayi aka fara mataki na huɗu a 1987, na shida ya biyo baya a 1989. Malaman jami'ar Jiao Tong ta Shanghai, cikinsu har da Farfesa Yang Huizhong, su ne kan gaba wajen tsara ta. Jarrabawar magana da baki ba ta shigo ba sai wajen 1999.

An yi mata gyara sau da dama, kuma kusan kowane gyara kunne ya nufa. A 2005 aka bar lissafin maki 100 aka koma 710, aka daina ba da takardar shaidar cin jarrabawa, sai takardar sakamako kawai. Daga nan rabon saurare ya tashi daga kashi 20 zuwa 35. A 2013 aka mayar da fassara ta zama sakin layi guda daga Sinanci zuwa Turanci, galibi kan tarihi da al'adun Sin. A 2016 kuma aka cire gajerun hirarraki da shifta, aka sa labaran rediyo a mataki na huɗu, laccoci a na shida. Wannan gyara ya yi ma'ana, domin gajerun hirarrakin nan ɗalibai sun daɗe da gano lagonsu, har akan iya cankar amsa ba tare da an ji komai ba.

Saurare

Sashen yakan ɗauki minti 25 a mataki na huɗu, 30 a na shida. Sau ɗaya tak ake sa muryar, kuma tambayoyin ba a rubuce suke ba, zaɓin amsoshi kaɗai ke kan takarda. A jami'o'i da yawa ta tashar rediyon makaranta ake watsa shi, kowane ɗalibi ya zo da abin sawa a kunne. Da an gama ake karɓe takardar amsa, babu damar komawa baya.

Wahalar tana da tushe a harshe. A Sinancin Mandarin gaɓa ba ta ƙarewa da baƙi sai ƙalilan, kuma baƙaƙe ba sa cunkushewa wuri guda. Turanci kuwa yana haɗiye sautuka, yana manne kalma da kalma. Ɗalibi zai iya sanin kalma sarai a rubuce, ta wuce ta kunnensa bai gane ta ba. Don haka malamai ke nanata abin da suke kira "jingting": a saurari jimla ɗaya a maimaita, a rubuta ta, sannan a gwada da rubutun asali. Aiki ne mai cin rai, amma shi ke buɗe kunne. Tsofaffin takardun jarrabawa, da ake kira "zhenti", su ne abin bitar da kowa ya fi yarda da shi.

Karatu

Minti 40 ne, kashi uku: cike gurbi goma daga kalmomi 15, daidaita jimloli goma da sakin layin wani dogon rubutu, sai nassi biyu masu tambaya biyar-biyar.

Muhawara

Maki 425 ake nema a mataki na huɗu kafin a shiga na shida, shi ya sa jama'a ke ɗaukarsa a matsayin makin wucewa. Shekaru da yawa wasu jami'o'i sun hana digiri ga wanda bai kai ba, ko da yake Ma'aikatar Ilimi ta ce ita ba ta shar'anta haka ba. Masu suka na cewa tsarin ya haifar da "Turancin bebe", a karanta a gane amma baki ya ƙi buɗuwa. A 2023 jami'ar Jiaotong ta Xi'an ta sanar da raba digirinta da sakamakon wannan jarrabawa.