Magungunan Itatuwa da Ciwon Sukari: Kira ga Masu Ciwo da Iyalansu

A aikina na lafiya, tambayar da masu ciwon sukari suka fi yi mini ita ce ko akwai ganye ko saiwar da za ta raba su da shan ƙwaya har abada. Ba na raina wannan tambaya, domin metformin, maganin da likitoci suka fi fara bai wa masu ciwon sukari nau'i na biyu, tushensa na komawa ga wani tsiro mai suna Galega, wanda mutanen Turai suka daɗe suna magani da shi. Sinadarin cikinsa yana rage sukari amma yana da guba, shi ya sa danginsa, wato metformin, da aka haɗa a ɗakin bincike a 1922 ya maye gurbinsa, bayan likita Jean Sterne ya gwada shi a Faransa a 1957.

Hulba da kirfa da garahuni suna daga cikin tsirran da aka yi bincike a kansu, kuma an ga suna iya rage sukari kaɗan. Hulba, alal misali, tana jinkirta shigar sukari cikin jini daga hanji. Sai dai ƙarfin tsiro yakan bambanta bisa ƙasar da ya fito da yadda aka busar da shi da tsawon dafuwarsa, don haka kofin yau ba lallai ne ya yi daidai da na gobe ba. Wanda ya haɗa irin wannan jiƙo da allurar insulin ko ƙwayar rage sukari ta glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a na'urar auna sukari, ya kama rawar jiki da zufa da jiri, har ya kai ga suma. Kirfa nau'in kasiya tana ɗauke da sinadarin kumarin mai cutar da hanta idan an yawaita, mai juna biyu kuwa ta nisanci garahuni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai ciwon sukari nau'i na ɗaya da aka ruɗe shi ya ajiye allurarsa. Jikinsa ba ya samar da insulin, babu kuma tsiron da zai maye gurbinta, kuma barin allurar na iya halaka shi cikin 'yan kwanaki. Jin sauƙi a jiki ma ba hujja ba ne, tunda sukari yakan lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye.

Duk mai niyyar shan wani tsiro, ya kawo shi asibiti, ya faɗa wa likita sunansa da yawan da yake sha ba tare da jin kunya ba, ya ci gaba da maganinsa, sannan ya riƙa auna sukarinsa da safe kafin ya ci komai, yana rubuta sakamakon domin a duba a ziyara ta gaba.